Rawar Maza a Gindin Duwatsun Mandara

Duk wanda ya lizimci sauraron jawaban da ake yi a wuraren naɗin sarauta da walimar saukar karatu, ko kuwa ya saba duba jaridun Hausa, ya san babu yabon da ya fi saurin zuwa bakin mai magana, idan ya tashi girmama wani babban mutum, kamar ya ce wane ya taka rawar gani. Ana faɗa wa gwamna haka, ana faɗa wa alƙali, har limamin Juma'a ma ana faɗa masa, kowannensu kuwa ya karɓa da murmushi da jinjina kai. Alhali da ɗayansu zai ɗauki maganar bisa zahirinta, ya miƙe tsaye, ya tattare hannuwan babbar rigarsa, ya taka rawar nan a idon jama'a, to, da kafin a kira la'asar labari ya game gari cewa Allah ya jarrabci wane a hankalinsa. Mun ɗauki sunan mun ɗaukaka shi har ya zama lambar girma, ainihin aikin kuwa mun bar shi a hannun yara da mata da maroƙa, ba mu kuma taɓa tsayawa mun tambayi kanmu yadda aka haihu a ragaya ba.

Kalmar ma kanta, in an lura, ba fuska ɗaya gare ta ba. Yaron da ba shi da natsuwa mai rawar kai ne, wanda ya tarbi baƙo da zumuɗi yana rawar jiki, mai zazzaɓi yana rawar ɗari, tsohon da ya ga jiya ya ga yau hannunsa na rawa in ya ɗauki moɗa. Mutumin da aka yi wa rasuwa kuma, in ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, sai a ji muryarsa tana rawa, masu hankali su sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Muna da karkarwa, muna da makyarkyata, amma duk da haka bakin Bahaushe ya fi sakewa da rawa a waɗannan wurare, har suna guda ya tattara motsin da mutum ya zaɓa don kansa da motsin da ya auka masa ba da izininsa ba. A ganina akwai ilimi a nan wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin jikin ɗan Adam, idan abin da ke cikin zuciya ya yi masa nauyi, lalle ne zai yi rawa, ko an yarje masa ko ba a yarje ba. Abin da ya rage kawai shi ne ko zai yi ta da kiɗa a tsakiyar 'yan'uwansa, ta fara ta ƙare a lokacin da kowa ya sani, ko kuwa zai yi ta shi kaɗai a kan tabarma cikin talatainin dare, babu mai ganinsa sai Mahaliccinsa.

Mu da muka tashi a Nassarawo, a nan Mubi, tarbiyya biyu ce ta haɗu a kanmu, kuma a kan sha'anin namiji bakinsu ɗaya. Ta wajen Hausa an koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haƙuri kuma shi ne maganin zaman duniya. Ta wajen Fulani, waɗanda sarautar ƙasar nan take hannunsu tun zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an koya mana pulaku, wanda ginshiƙansa su ne kunya da jimiri da hankali, har ya zama aibu ne a ga mutumin kirki yana cin abinci a tsakiyar kasuwa, ko a ji ya ambaci sunan ɗansa na fari, balle a ga hawayensa. Saurayin nan da ake tsala wa tsumagiya a filin sharo, yana riƙe da madubi yana duban fuskarsa don ya tabbatar ba ta motsa ba, shi ne cikakken hoton abin da ake so namiji ya zama. Malaman fiƙihu kuma suka zo suka ƙara ɗaure maganar, gama wanda ya yi karatun Muhtasar na Shaihu Halilu a zaure ya san cewa a babin shaida an sharɗanta wa mutum ya kasance mai muru'a, an kuma lissafa wasa da tattabaru, da sauraron waƙa, da dawwama a kan shaɗaranji, wato darar Larabawa, cikin abubuwan da ke zubar da ita. Wanda sauraro kaɗai ke iya taɓa shaidarsa a gaban alƙali, ina ga wanda ya tashi ya taka?

Ba na cikin masu raina wannan tarbiyya, domin ita ce ta fitar da mutanen da gari ke jingina da su ranar da kowa ya ruɗe, kuma na ga amfaninta da idona. Sai dai murfi ce, kuma duk macen da ta taɓa ɗora sanwa ta san abin da murfi ke yi idan tukunya ta tafasa ba a ɗaga shi ba.

Magabatanmu ba su jahilci wannan ba, shi ya sa suka yi wata dabara wadda, in mutum ya dube ta da idon basira, zai sara musu. Sun buɗe wa kowane namiji ƙofar da zai fita ya yi rawa, amma suka rubuta sunan sana'arsa a kan ƙofar, domin kada kunya ta kama shi. Mahauci yana da kalangu, maƙeri yana da dundufa, manomi yana da gangar noma a ranar gayya, mafarauci da ɗan tauri da ɗan dambe kowa da makaɗinsa, 'yan takai kuma suna kewaya fili da sandunansu suna haɗa su bisa ƙa'ida, wanda ya kuskure bugu ya ji a yatsa. Sarki ba ya rawa, wannan ba ya cikin sarauta. Amma a ranar hawan salla, in aka busa algaita aka gwama ganguna, dokinsa yana yi masa, shi kuwa yana zaune a kan sirdi fuska a rufe da amawali, kowa ya san abin da ke gudana, ba kuwa mai cewa uffan. Ta haka mutum zai taka har ya jiƙe da gumi, gobe kuma ya zauna a majalisa da cikakken mutuncinsa, domin ba a cewa wane ya yi rawa, sai dai a ce an kaɗa masa takensa ya amsa.

Take kuwa abu ne mai zurfi. Shi kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ko gidansu, wanda makaɗi ya gada daga ubansa kamar yadda mai taken ya gada daga nasa, kuma a cikinsa akwai sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Idan aka kaɗa wa ɗan asalin sana'a takensa, abin da ke fara samunsa shi ne tsuma: gashin jikinsa ya tashi, idanunsa su kaɗa, gwiwoyinsa su soma kaɗawa tun yana zaune, sa'an nan ya zabura ya yi kururuwa ya shiga kirari. Wato rawar da ba a zaɓa ba ce ke fara zuwa, sai makaɗi ya tare ta, ya ba ta ma'auni, ya mai da ta rawar da aka zaɓa; in kuwa makaɗin gwani ne, ya san inda zai tsananta da inda zai sassauta, ya san kuma lokacin da zai kashe kiɗan ya bar mutumin ya sauko, a ba shi ruwa, a yi ta yi masa sannu. Ban san wani likita da ya fi wannan sanin yadda ake fitar da abu daga ƙirjin namiji ba tare da an tilasta masa ya buɗe baki ba.

Mubi kuwa gari ne da ba a rasa ganin irin wannan a cikinsa, saboda zamansa a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, inda Gude da Fali da Njanyi da Margi da Kilba suka cuɗu da Fulani da Hausawa da Barebari. Ƙasa ce da Jamus ta riƙe, Ingila ta karɓa a matsayin amana, har mutanenta suka kaɗa ƙuri'a a watan Fabrairu na 1961 suka zaɓi Nijeriya, aka kira ta Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Kasuwar shanunta kuma har yau tana tara mutane daga Kamaru da Chadi. Arewa da mu, a ƙasar Michika da ƙetaren iyaka, akwai Kamwe, waɗanda aka fi sani da Higi a nan, Kapsiki a can. A al'adarsu ta dauri, idan dattijo ya mutu, maƙera ne ke shirya gawar, su yi mata ado, ɗayansu ya saɓa ta a kafaɗa, a buga ganguna, dangi da surukai da mutanen ƙauyukan maƙwabta su taru a yi ta rawa da ita kafin a kai ta makwancinta. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Walter van Beek, wanda ya daɗe yana zama a cikinsu, ya fitar da littafi a kan wannan a 2012. Musulunci da Kiristanci sun rage al'adar ƙwarai, kuma ni Musulmi ba zan yi kiran a koma gare ta ba, tun da shari'armu ta umarce mu da gaggauta jana'iza, ta hana kururuwa da marin fuska da kece tufa. Na kawo ta ne domin a ga cewa maƙwabtanmu na kan dutse sun ɗauki baƙin ciki a matsayin abin da ke zama a cikin gaɓoɓi, wanda ba ya fita sai an gajiyar da su.

Sa'an nan abin da ya same mu ya same mu. A farkon Oktoba na 2012 aka bi ɗalibai har ɗakunan kwanansu a Wuro Patuji aka kashe. Ranar 1 ga Yuni, 2014 bam ya tashi a Kabang a cikin masu kallon ƙwallo. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara kuma Boko Haram suka shigo garin gaba ɗaya, suka kafa tutarsu, suka sauya masa suna suka ce Madinatul Islam. Mutane suka fita da abin da ke jikinsu, waɗansu suka hau duwatsu suka gangara Kamaru, waɗansu suka nufi Yola a ƙafa, uba bai san inda ɗa ya bi ba. Zuwa tsakiyar Nuwamba mafarauta da 'yan banga tare da soja suka ƙwato garin, aka fara komowa kaɗan-kaɗan. Ba a gama share ƙurar wannan ba sai ga bam a masallaci a Unguwar Shuwa ranar 21 ga Nuwamba, 2017, ana cikin sallar asuba, ya ɗauke rayuka kimanin hamsin. Ranar 1 ga Mayu, 2018 aka sake maimaita irinsa a masallaci da kasuwa.

An gyara shaguna, bankuna sun buɗe, jami'ar jiha da kwalejin fasaha ta tarayya sun koma karatu, shanu sun cika kara kamar da. Amma abin da maza suka komo da shi a cikin ƙirazansu, wannan ba a yi masa lissafi a cikin asarar ba. Mata, Allah ya saka musu, suna da hanyarsu: su taru a tsakar gida su yi kuka tare, wata ta riƙe wata, su ba juna labarin gudun tun daga farko har ƙarshe, su sake bayarwa gobe. Namiji kuwa yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ana zuwa ana cewa, "Ya haƙuri?" yana cewa, "Haƙuri sai ma'aiki," a shafa fatiha a tashi, bayan kwana uku a naɗe tabarma, a ɗauka magana ta ƙare.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, ɗan gidan farauta ne ta wajen uba, amma shi tun yana saurayi ya bar daji ya kama sayar da hatsi, kowa Baffa yake ce masa. Ɗansa na fari ya ɓace a gudun nan, ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba har yau, wanda kuwa ya san wannan ya san ya fi mutuwa ciwo, domin babu sallar gawa, babu kabarin da za a nuna. Baffa ya komo ya buɗe rumfarsa, bai fasa jam'i ba, bai taɓa ce wa kowa komai ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne ƙafarsa ta dama: in yana zaune a majalisa sai ta yi ta kaɗawa, ya ɗora tafin hannu ya danne ta, da ya ɗauke hannun ta ci gaba. Iyalinsa suka ce ba ya barci, sai dai ya zauna a bakin gado har a kira assalatu. In wani ya ce, "Baffa, jikin dai?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi, sanyi ne."

Wata ƙaramar salla mafarauta suka fito gaisuwa da makaɗansu, sanye da rigunan layu, suna bin ƙofofin manyan unguwa. Da suka iso kusa da inda muke zaune, wani tsohon makaɗi ya hango Baffa, ya gane ɗan wane ne, sai ya juya gangarsa ya saki taken gidansu. Na ga hannun nan ya danne gwiwa, na ga ya kasa. Ya miƙe a hankali, ya tuɓe hularsa ya miƙa wa yaron da ke kusa, ya shiga fili da farar rigarsa ta salla; da farko taku biyu gaba ɗaya baya, kafaɗa a sunkuye kamar mai bin sawu, sa'an nan ya soma dukan ƙasa da diddige har ƙura ta rufe masa ƙafafu. Mafarautan suka buɗe suka kewaye shi, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi guɗa. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf, kuma albarkar rana da ƙura ita ce babu mai iya rantsuwa cewa wannan gumi ne, wancan hawaye. Da makaɗin ya sassauta, ƙaninsa ya kama shi ya zaunar, ya ce, "Sannu, Yaya," shi kuwa yana haki ya ce, "Ai da yana nan da shi zai karɓe ni," ya kuma ambaci sunan yaron, sunan da ko kafin ɓatansa ba mu taɓa ji a bakinsa ba. Ba zan ce ya warke ba, ƙafar tana kaɗawa har yanzu. Amma tun daga ranar akan zauna da shi a yi maganar yaron, yakan kuma amsa.

Na san abin da mai karatu malami zai ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi sun yi rubutu mai zafi a kan kaɗe-kaɗen banza da cakuɗuwar maza da mata a dandali, kuma wanda ya san abin da kan biyo bayan kiɗan dare ba zai ce sun yi zalunci ba. Na taɓa kai wannan mas'ala gaban wani malamin zaure, na ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne hukuncin abin da Baffa ya yi?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kafin in ba ka amsa sai ka gaya mini wa ke kiɗan, me ake faɗa a cikinsa, wa ke kallo, me aka sha, wace salla kuma aka bari." Wannan ita ce hanyar Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya kuma keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Dini a kan ladubban sauraro da abin da zuciya ke samu a cikinsa, a wurinsa kiɗa da waƙa suna motsa abin da ke cikin zuciya ne tun asali, saboda haka hukuncin yana bin halin mai sauraro da wurin da lokacin. Daga cikin hujjojinsa akwai hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, na mutanen Habasha da suka yi wasa da māsu a masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsaye yana kāre Nana A'isha tana kallo har ta gaji don kanta. Da Sayyidina Umar ya so ya hana su, sai aka umarce shi ya ƙyale su. Baƙaƙen maza ne, baƙi a Madina, nesa da ƙasarsu, suna taka irin ta gidansu a ranar idi, kuma mafificin halitta bai ga zubewar muru'a a cikin haka ba. Shi ne kuma wanda idanunsa suka zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim a gaban sahabbai. Ashe haƙurin da aka umarce mu da shi kame harshe ne daga abin da Ubangiji ba ya so, da yarda da ƙaddara. Daskarar da fuska da ƙafa kuwa ƙari ne da muka yi daga al'ada, muka jingina wa addini.

Ahalin ɗariƙa sun riƙe wani yanki na wannan sirri. Wanda ya taɓa tsayawa a da'irar zikirin Juma'a na Tijjaniyya bayan la'asar, ko ya ji mandirin Ƙadiriyya a Kano, ya ga dattawa masu furfura suna rangaji kafaɗa da kafaɗa, numfashi ɗaya, har wani ya fashe da kuka ba wanda ya waiwaye shi. Su ba sa kiran wannan rawa, kuma za su yi fushi in an kira shi haka. 'Yan Izala kuma tun kafuwar ƙungiyarsu a Jos a 1978 suna inkarin abin daga tushe. Ba ni da niyyar raba wannan gardama a nan. Abin da na lura da shi dai shi ne, ko a cikin ibada, inda aka yarda namiji ya motsa jikinsa tare da 'yan'uwansa, a nan ne kuma aka yarda ya yi hawaye.

'Yan'uwanmu da aka kwashe aka ƙetare teku da su sun fi mu sanin darajar abin, domin su an taɓa ƙwace musu shi da doka. A 1739 waɗansu bayi suka yi tawaye kusa da kogin Stono a Karolaina ta Kudu, cikin Amurka ta yau, suna tafe suna buga ganga don kiran 'yan'uwansu. Da aka murƙushe su, sai aka kafa doka a 1740 wadda ta haramta wa bayi riƙe ganga da ƙaho. Masu dokar sun fahimci abin da ganga ke yi wa mutumin da aka wulaƙanta, wato tana tuna masa cewa jikin nan da ake saye da sayarwa nasa ne. To, da aka karɓe gangar, sai mutanen suka mai da ƙirji da cinya da tafin hannu da diddige suka zama ganga, kuma daga wannan tushe ne raye-raye da yawa na baƙaƙen Amurka suka tsiro. Irin haka ta faru a ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, inda leburori suka mai da takalman roba na aiki abin kiɗa. A farkon wannan ƙarni kuma samarin unguwannin talakawa na Los Anjalis suka fito da wata rawa mai kama da faɗa, ana dukan iska ana buga ƙirji, da niyyar fushin da zai kai su ga bindiga ya ƙare a fili. Mu ba wanda ya kafa mana dokar hana ganga. Da hannunmu muke ajiye ta.

Gayya ta ja baya tun da aka koma noman ƙwadago da maganin feshi, gangar noma ta bi ta. Shekarun dokar hana fita sun kashe wasannin dandali, da aka ɗage dokar kuma ba su komo ba. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun ga sana'ar ba ta da daraja, sun kama tuƙin Keke Napep. Abin da ya maye gurbin shi ne manyan lasifikoki a gidan biki, da samari masu rawa a gaban waya domin TikTok; ba na zarginsu, gama jikinsu yana neman abin da jikin kakanninsu ya nema ne, sai dai rawa ce da babu makaɗin da ya san sunan uban mai yin ta, babu kuma wanda zai sassauta kiɗan in ya ga ta kai inda ta kai. Yaran da suka yi gudun 2014 suna 'yan shekara goma, yau su ne majiya ƙarfin gari, kuma waɗansunsu sun nemi abin da zai kwantar musu da jiki a wurin masu sayar da tiramol da kodin, duk da cewa gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayu na 2018. Muna yi musu wa'azi a kan wannan, kuma daidai ne. Amma ban ji wanda ya tambaye su abin da suka gani a hanyar dutse ba.

Kada a fahimce ni da cewa ganga tana maganin kowace cuta. Akwai wanda abin ya yi wa zurfi har sai an kai shi ga likitocin ƙwaƙwalwa, irin na asibitin tarayya da ke Maiduguri, kuma kai shi can ba abin kunya ba ne, kamar yadda addu'a da karatun Alƙur'ani suke da matsayinsu wanda babu abin da ke tsayawa a cikinsa. Maganata a kan masu yawa ce, waɗanda ke zuwa kasuwa suna komowa, suna amsa gaisuwa daidai, ba kuwa za su taɓa zama a gaban wani baƙo su ce ga abin da ke damunsu ba, ko da za a shekara ana lallashinsu.

Saboda haka ina roƙon masu unguwanni da hakimai, da sarakunan sana'a, tun daga Sarkin Baka har Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, su zauna da limamanmu a fitar da rana da fili, ko da sau biyu ne a shekara a kashegarin salla, tsakanin la'asar da magariba, maza zalla, ba kayan maye, ba zagi a cikin kirari, a bar kowane gida ya ji takensa, a kuma jawo samarin nan a sa su a tsakiya. Makaɗan da suka san taken gidajen Mubi ɗaya bayan ɗaya tsofaffi ne, kuma ba a rubuce abin yake ba. A neme su tun suna da rai.